Makiyaya da masana: Gardamar da tumakin Ingila suka tayar kan wanda ya cancanci a saurara

Da tsakar daren 26 ga Afrilun 1986 tukunya ta huɗu a tashar nukiliya ta Chernobyl, a Yukiren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, ta yi bindiga. Mako guda bayan haka iska ta kora gajimaren burɓushinta har sararin samaniyar Birtaniya, aka kuma yi rashin sa'a ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya a tsaunukan Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila. Yanki ne na makiyayan tumaki, mutanen da suka gaji kiwo a kan duwatsu kaka da kakanni.

Da farko hukumomi sun ce babu abin damuwa. A ranar 20 ga Yuni sai Ma'aikatar Noma ta hana yanka tumakin yankin ko fitar da su, domin an sami sinadarin siziyom mai guba a namansu fiye da ƙa'ida. Masanan gwamnati suka kwantar wa makiyaya hankali cewa mako uku kacal dokar za ta yi, gubar za ta lafa. Kafin Yuli ya ƙare aka tsawaita ta ba tare da wa'adi ba. A faɗin Birtaniya, gonaki kusan 10,000 da tumaki kimanin miliyan huɗu suka shiga takunkumin. Ba a ɗage shi daga gonakin ƙarshe ba sai a watan Yunin 2012. Mako uku ya zama shekara 26.

Wannan labari ya zama ɗaya daga cikin misalan da aka fi ja-in-ja a kansu a wani fanni da ba a cika jin sunansa a nan ba, wato nazarin kimiyya ta fuskar zamantakewa. Masu wannan fanni ba sa auna sinadari ko leƙa madubin ganin ƙwayar cuta. Su masanan ne abin nazarinsu: yadda suke aiki, yadda suke sasanta saɓaninsu, da yadda magana ke tashi daga hasashen mutum ɗaya ta zama abin da ake karantar da yara a aji.

Inda lissafi ya kauce

Wanda ya bi diddigin abin da ya faru a Cumbria shi ne Brian Wynne na Jami'ar Lancaster. Shi kansa ya fara da karatun kimiyya kafin ya koma nazarin zamantakewa, saboda haka ba baƙo ba ne a ɗakin gwaje-gwaje. Ya zauna da makiyayan, ya kuma wallafa abin da ya gano a rubuce-rubuce da dama tsakanin 1989 da 1996.

Kuskuren masanan mai sauƙin fahimta ne. Lissafinsu ya ginu ne a kan ƙasa mai yumɓu, wadda ke kama siziyom ta riƙe shi gam, ciyawa ba ta iya zuƙarsa. Ƙasar tsaunukan Cumbria kuwa ta ruɓaɓɓun ciyayi ce mai tsami, ba ta riƙe shi. Sai ciyawa ta zuƙa, tunkiya ta ci, ta yi kashi, ya koma ƙasa, sabuwar ciyawa ta sake zuƙa. Abin da aka auna a wata ƙasa aka ɗauka dokar kowace ƙasa ce.

Kuskure kowa yana yi. Abin da ya ɓata wa makiyayan rai shi ne yadda aka yi musu magana da cikakken tabbaci, sannan ba a nemi saninsu ba ko a inda suka fi kowa sani. Abincin makiyayin tsauni ya dogara ne a kan sayar da 'yan raguna kafin ciyawa ta ƙare. An shawarce su da su riƙe dabbobin a kwari su daɗe, alhali filayen kwarin 'yan kaɗan ne, kuma daga nan ake yanko harawar hunturu. Wanda ya ba da wannan shawara bai taɓa kwana da fargabar abin da garke zai ci ba. Haka kuma da masanan suka zo gwada wata irin laka da ake zaton za ta tsotse gubar, sai suka killace tumaki a shingaye domin su kwatanta sakamako. Makiyayan suka gaya musu cewa tunkiyar da ta saba yawo a dutse ramewa take yi idan aka tsare ta, kuma hakan zai ɓata awon. Ba a saurare su ba. Daga baya aka watsar da gwajin.

Akwai kuma tsohon miki. A gefen yankin ne masana'antar nukiliya ta Sellafield take, wadda a da ake kira Windscale, inda aka yi wata mummunar gobara a Oktoban 1957. Makiyayan sun lura cewa wuraren da gubar ta fi yawa sun kewaye wannan masana'anta, suka yi zargin cewa ba duka daga Chernobyl ta zo ba. Masanan suka ce awonsu ya nuna ta Chernobyl ce. Daga baya aka amince cewa wani kaso mai yawa na siziyom ɗin da ke wasu wuraren ya riga hatsarin zuwa, daga gwaje-gwajen makaman nukiliya na shekarun baya da kuma ita Sellafield ɗin. Wynne ya lura da wani abu mai ban tausayi: makiyaya da yawa sun daɗe da wannan zargi amma suka yi shiru, saboda 'yan uwansu da maƙwabtansu a can suke samun abinci.

Hujjar da Wynne ya fitar ita ce, idan jama'a suka ƙi maganar masana, ba lallai jahilci ne ya sa ba, kamar yadda hukumomi suka saba ɗauka. Mutane suna auna mai maganar ne: me ya faɗa a baya, ya cika ko bai cika ba, wa ke biyansa, kuma yana amsa kuskure idan ya yi?

Mudu ɗaya ga gaskiya da kuskure

Wynne bai faɗo daga sama ba. Kafin shekarun 1960, masana zamantakewa irin su Robert Merton na Amurka suna nazarin ladubban masu kimiyya da cibiyoyinsu ne kawai, ba sa taɓa abin da kimiyyar ta ƙunsa. Ana ganin wannan hurumin hujja ne da gwaji. A 1962 Thomas Kuhn ya wallafa littafinsa kan juyin juya hali a kimiyya, inda ya nuna cewa masanan kowane zamani suna aiki ne a cikin wani tsarin tunani da suka gada daga malamansu, shi ke gaya musu tambayar da ta cancanci yi da amsar da za a karɓa. Idan matsaloli suka taru tsarin ya gaza, sai a yi rikici a koma wani, kuma ba hujja kaɗai ke raba gardamar ba, har da shekaru da tarbiyya da wanda ya horar da wa.

Wasu malamai a Jami'ar Edinburgh, musamman David Bloor da Barry Barnes, suka ɗauki zancen suka kai shi inda Kuhn kansa bai so ba. A littafinsa na 1976 Bloor ya kafa ƙa'idar da har yau ake faɗa a kanta, wadda za a iya kira auna komai da mudu ɗaya. A da, idan masani ya yi daidai sai a ce hujja ce ta kai shi, idan ya yi kuskure sai a nemo dalili a siyasarsa ko son zuciyarsa. Bloor ya ce wannan rashin adalci ne a bincike: irin dalilan da za a nema wajen bayyana yadda aka yarda da ƙarya, su za a nema wajen bayyana yadda aka yarda da gaskiya. Masu falsafa irin su Larry Laudan suka yi masa ca, suna cewa wanda ya ƙi bambanta imani mai hujja da marar hujja ya rushe ginin da shi kansa yake tsaye a kai.

Sai Bruno Latour, Bafaranshe, wanda labarinsa ya ratsa ta Afirka ta Yamma. A farkon shekarun 1970 ya yi aiki a Abijan, inda aka sa shi binciken dalilin da kamfanonin Faransa ke cewa ba su samun 'yan ƙasa da za su iya riƙe manyan muƙamai. Amsar da Turawan suka saba bayarwa ita ce wai tunanin Ba'afirke ne daban. Latour ya ga cewa ana koya wa ɗalibai zanen injin da ba su taɓa gani ko taɓawa ba, sannan a zarge su da gaza fahimta. Daga nan ya yi tunanin juya madubin: me zai hana a je a zauna da masana kimiyya a nazarce su kamar yadda Turawa ke nazarin ƙabilu? Ya shafe kusan shekara biyu daga 1975 a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, a ɗakin gwajin Roger Guillemin, wanda ya ci kyautar Nobel a 1977. Littafin da ya rubuta tare da Steve Woolgar a 1979 ya nuna yadda magana ke farawa da “wataƙila” da “wane ya ce”, a bi ta da na'urori da kuɗi da takardu da gardama, har ranar da za a daina ambaton wanda ya faɗe ta. A ranar ta zama tabbatacciya, kuma a ranar ake mance duk wahalar da aka sha wajen gina ta.

Kalmar “ginawa” ɗin nan ita ta jawo faɗa. Ga Latour, gini ba ƙarya ba ne, gada ma gina ta ake yi kuma tana ɗaukar mota. Ga masu kimiyya da yawa, cewa an gina gaskiya daidai yake da cewa an ƙirƙire ta.

Tarkon Sokal

A 1994 wani masanin halittu, Paul Gross, da masanin lissafi Norman Levitt suka fitar da littafi suna zargin wannan fanni da maƙwabtansa da ƙiyayya ga kimiyya. Wani malamin fiziks a Jami'ar New York, Alan Sokal, ya karanta, ya yanke shawarar yin gwaji. Ya rubuta maƙala cike da shirme da gangan, ya yi mata ado da manyan kalmomi da ambaton mashahuran masana, yana iƙirarin cewa hatta ƙarfin da ke jawo abu ƙasa al'umma ce ta ƙaga shi. Mujallar Social Text ta buga ta a 1996. Nan take ya tona asirin a wata mujallar, Lingua Franca, har ya gayyaci duk mai ganin dokokin fiziks al'ada ce kawai da ya zo ya gwada saɓa musu ta tagar gidansa da ke hawa na 21.

Duniya ta yi dariya, kuma dariyar tana da dalili. Editan da ya buga abin da bai fahimta ba saboda ya yi daidai da ra'ayinsa ya ci amanar aikinsa, duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labari ya san haka. Sai dai Social Text mujallar nazarin al'adu ce, a lokacin ba ta tura maƙala ga masana na waje su tantance, kuma ba a cikinta Bloor ko Wynne ke buga bincikensu ba. Tarkon ya kama wanda ya kama, amma bai taɓa hujjar ƙasa mai tsami ta Cumbria ba.

Latour kuwa da kansa ya miƙa wa abokan hamayya sanda. A 1998 ya yi rubutu kan gawar Fir'auna Ramsis na Biyu, wadda aka kai Paris a 1976 aka bincika, aka kuma ba da rahoton cewa tarin fuka ne ya kashe shi. Latour ya tambaya: ta yaya zai mutu da ƙwayar cutar da Robert Koch bai gano ba sai 1882? Masu kare shi sun ce yana nufin sai da aka kai gawar ɗakin gwaji na zamani kafin maganar ta sami ma'ana. Ko da haka ne, a ganina wannan wayo ne da ya wuce gona da iri. Ƙwayar cuta ba ta jiran a raɗa mata suna kafin ta yi kisa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ya biyo baya. A 2004 Latour ya wallafa wata maƙala yana nuna damuwa cewa makaman da shi da abokansa suka ƙera sun faɗa hannun da ba su yi zato ba. Masu musun sauyin yanayi da masu yaɗa labaran makirci sun koyi cewa “ai masana ma ba su gama yarda ba”, “ai kowane bincike akwai mai ɗaukar nauyinsa”. Ya shafe ƙarshen rayuwarsa, har rasuwarsa a Oktoban 2022, yana kare masu binciken yanayi. Bai janye ra'ayinsa ba. Cewa ya yi, tunda gaskiyar kimiyya tana buƙatar cibiyoyi da amana kafin ta tsaya, to wajibi ne a kare waɗannan cibiyoyin.

Ina za a ja layi?

Gardamar da ta fi amfani ta tashi ne a cikin gida. A 2002 Harry Collins da Robert Evans na Jami'ar Cardiff suka ce fannin nasu ya yi nasarar buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da digiri, amma ya kasa faɗin inda za a rufe ta. Idan makiyayi ya cancanci a saurare shi, shin kowa ma ya cancanta a kan komai? Suka koma kan tumakin Wynne suka sake karanta labarin. A wurinsu makiyayan Cumbria ba gama-garin mutane ba ne, ƙwararru ne a fannin kiwon tsauni waɗanda ba su da takardar shaida. An yi kuskure da aka ƙi jinsu saboda sun san abin da ake magana a kai. Wannan bai ba mutumin Landan da bai taɓa riƙe tunkiya ba damar sa baki a awon siziyom.

Misalan da ke bayan damuwarsu masu nauyi ne. A Birtaniya, wata maƙala ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta sa iyaye da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu, kafin mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010. A Afirka ta Kudu, Shugaba Thabo Mbeki ya saurari 'yan tsirarun da ke musun cewa ƙwayar HIV ce ke jawo ƙanjamau, gwamnatinsa ta yi jan ƙafa wajen raba magani. Wani binciken Jami'ar Harvard na 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin ya jawo asarar rayuka fiye da 330,000.

Wynne da Sheila Jasanoff ta Harvard suka mayar da martani a 2003. Suka ce Collins da Evans sun ɗauka an riga an san tambayar, saura a zaɓi mai amsawa, alhali rikicin yakan kasance a kan tambayar kanta. Masanin gwamnati yana tambayar yawan gubar da ke cikin kilo ɗaya na nama. Makiyayi yana tambayar ko zai ci gaba da rayuwa a gonar kakansa, da kuma ko waɗanda suka ɓoye masa gaskiya a 1957 sun cancanci ya yarda da su yanzu. Wa ya yanke cewa tambaya ta farko ce ta ilimi, ta biyu kuwa surutu?

Ni dai na fi karkata ga Collins a kan abin da ya shafi awo, na fi karkata ga Wynne a kan abin da ya shafi amana, kuma ban ga alamar ɗaya zai haɗiye ɗaya ba.

Kano a cikin littattafansu

Mai karatu a Arewa ba ya buƙatar a kai shi Ingila kafin ya gane wannan. A shekarar da Sokal ya ɗana tarkonsa, 1996, annobar sanƙarau ta afka wa Arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan ba maganin ba, iyalai da gwamnati suka ce ba a nemi izini yadda ya kamata ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin cewa an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma an biya farashinsa da ƙafafun yara: cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A nan Collins yana da gaskiya, ba a tantance abin da ke cikin kwalba da yawan masu zargi.

Amma masu binciken da suka zauna da jama'a, irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, wadda ta wallafa littafi a kan siyasar shan inna a Arewacin Najeriya a 2010, sun ji wata tambaya da ba ta cikin kwalba. Iyaye suna cewa ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe musu yara, idan sun je asibiti sai sun biya, wani lokaci ma babu maganin. To me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo su da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara? Ba a amsa irin wannan tambaya da sakamakon ɗakin gwaji, kamar yadda ba a amsa ta makiyayin Cumbria da shi ba.

Kano ta koma rigakafin a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Daga 2006 aka sauya salon aikin, ana haɗa ɗigon da wasu alluran rigakafi da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, wani wuri har da gidan sauro da sabulu. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi, hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba. An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Najeriya a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ita.